Me Ya Rage a Garke?

Ranar Lahadi kasuwar Tahoua ke ci. Ina yaro, in na taso daga Takanamat zuwa birni, gidan kawuna nake sauka, shi kuwa dillalin bisashe ne, don haka da sassafe zai ja ni kasuwa in riƙe masa igiya. Kafin ya taɓa dabba, mai dabbar yake fara kallo. Daga nan ya kama leɓen saniya ya buɗe, ya ƙirga haƙoran gaba na ƙasa, tunda saniya ba ta da na sama. In manyan haƙora biyu ne suka fito, shekararta biyu da ɗoriya. In takwas sun cika har sun fara cinyewa, ta kama hanyar zama guzuma. Ya shafa hantsa, ya matsa gindin wutsiya ya ji kitse. Wannan duk mahauci ya iya shi. Inda Kawu ya sha bamban shi ne wata ƴar tambaya da yake jefa wa makiyayi a tsakiyar gaisuwa, murya ƙasa-ƙasa: "Ina sauran?"

Bafulatanin da ya kawo raguna ana saura mako biyu layya bai ba ka labarin komai ba, don wannan ranar ya kiwata su. Wanda ya kawo bijimi da kaka gero zai saya tun yana araha, kuma bara ma haka ya yi. Buzun da ya koro tsohuwar saniya nauyi yake rage wa garke. Amma ranar da ka ga mutumin da ba ya sayar da mace ya shigo da karsana uku ƴan Azawak, masu ciki, rani bai ko yi nisa ba, sannan ka waiga ka ga wanda suke shayarwa a rijiya ɗaya shi ma ya kawo nasa, to ciyawa ta ƙare a arewa, kuma su sun gani kafin kowa. Kawu ya ga haka a 1984, ya sake gani a 2005. Duk sau biyun ya daina sayen bisashe, ya juya kuɗinsa ya sayi hatsi.

Ɗansa na uku ya bi hanyar da Adarawa suka saba bi, ya tafi Abijan, sai dai shi karatu ya kai shi. Yanzu yana aiki a wani gidan dillancin hannayen jari na kasuwar BRVM, wadda ƙasashe takwas masu kashe sefa suka haɗu suka buɗe a 1998, kuma daga Nijar bankin Bank of Africa Niger na cikin kamfanonin da ake cinikin jarinsu a can. Da ya zo hutun babbar salla na zauna kusa da shi dare uku ina kallon yadda yake aiki. Tun daren farko na gane sana'ar ubansa ce a hannunsa.

Kayan aikin ba su da yawa: waya, littafin rubutu mai layi irin na ƴan makaranta, biro shuɗi da ja, da ƙaramar na'urar lissafi da lambobinta suka fara gogewa. Kowane kamfani yana da shafinsa a littafin, kowane shugaba yana da layinsa.

Kamfanin da ke kasuwar hannayen jari kamar garke ne da aka raba mallakarsa gida miliyoyi, kowane gida shi ne hannun jari ɗaya. Masu garken suna warwatse a duniya, yawancinsu ba su taɓa ganin ƙofar masana'antar ba. Shugabanni da daraktoci su ne makiyayan, su ke kwana da shanun, su suka san wadda ke tari da dare. Galibinsu kuma suna da nasu kason a ciki. Shi ya sa doka ta ce duk ranar da makiyayin nan ya saya ko ya sayar da nasa, sai ya yi shela. A Amurka dokar ta samo asali tun 1934, bayan rugujewar kasuwa ta 1929, kuma ta hau kan daraktoci, manyan jami'ai, da duk wanda ya mallaki fiye da kashi 10 cikin 100. A da sai wata ya ƙare ake kai rahoto. Bayan kamfanin Enron ya durƙushe a Disambar 2001, aka kuma gano manyansa sun yi ta sauke nasu jarin suna ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa su riƙe, sai dokar 2002 ta matse wa'adin zuwa kwana biyu na aiki. Takardar ana ce mata fom na 4, hukumar SEC ke karɓa, kuma duk mai intanet yana iya buɗe ta kyauta a rumbun EDGAR, ko yana zaune a kan tabarma a Takanamat. Kasuwar Legas ita ma tana wallafa irin wannan sanarwa, da sunan mutum, muƙaminsa, yawan abin da ya saya ko ya sayar, farashi da rana. A Abijan ɗan Kawu ya fi dogara da jadawalin manyan masu jari da ke cikin rahoton shekara, ya ɗora na bana a kan na bara. Amma a kan takardun Amurka ya koyi karatun, domin su suka fi fayyace komai.

Ya kamata a rarrabe wannan da satar sirri. Wanda ya ji labarin cikin gida ta bayan fage ya ruga ya yi ciniki da shi, laifi ya yi a dokar kowace kasuwa, kuma ɗan uwan abin nan ne da muka karanta a fiƙihu, hanin tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin gari. Abin da taubashina ke yi shi ne karanta shelar da aka liƙa wa kowa.

Idonsa ba ya fara sauka a kan kuɗin. Akwai wani ɗan gurbi a tsakiyar takardar mai ɗauke da harafi ɗaya tak, nan yake fara kai yatsa. Harafin P na nufin mutum ya shiga kasuwa ya saya da kuɗin aljihunsa. S, ya sayar. G, kyauta ya bayar, ga ƴaƴa ko gidauniya. A, kamfani ne ya ba shi jari a matsayin lada, wanda yawanci ba ya zama nasa sai ya ƙara shekara uku ko huɗu yana aiki, kamar saniyar habbanaye ta Fulani, wadda sai ta haihu a hannunka maruƙan ke zama naka. Ranar da jarin ya zama nasa haraji ya hau kansa, sai kamfani ya riƙe wani kaso ya biya masa, a rubuta F. Mai gaggawa in ya ga F sai ya ɗauka an sayar, alhali mutumin bai ɗaga ko yatsa ba. Duk waɗannan da shuɗin biro yake shigar da su. Ja na P ne, da S ɗin da ya rasa dalilinsa.

Harafin M ne ya ci mana dare guda, domin shi ne na abin da Bature ke kira opshan, ni kuwa zan ce masa haƙƙin saye. Ga yadda ya bayyana mini shi. A ce attajiri ya ce wa yaron shagonsa, "Ka ga maraƙin can? Duk ranar da ka ga dama cikin shekara goma, kawo jaka hamsin ka kama shi, ko ya zama bijimin jaka ɗari huɗu." Yaron bai biya ko dala ba yau. In maraƙin ya girma, riba tasa. In ya mutu, ba a bin sa komai. Sai dai in shekara goma ta cika bai zo ba, alkawari ya tashi. Haka kamfanoni ke yi wa shugabanninsu, don su kula da garken kamar nasu.

Sai ya ɗauko na'urar lissafi. A ce shugaba yana da haƙƙin sayen hannun jari 10,000 a kan sefa 1,000 kowanne, yau kuma farashin kasuwa 5,000 ne. Zai biya miliyan 10 ya karɓi abin da ya kai miliyan 50. Hukumar haraji za ta ɗauki tazarar miliyan 40 ɗin nan a matsayin albashi. Mutumin ba shi da wannan tsabar a aljihu, don haka ya sayar da 2,000 ya biya kuɗin sayen, ya sayar da 3,000 ya biya haraji, ya ajiye 5,000. Gobe kanun labari zai ce shugaban kamfani kaza ya zubar da jarin miliyan 25. Gaskiya ne, an sayar. Amma mutumin da ya kwana jiya ba shi da hannun jari ko ɗaya a wannan kason, yau ya tashi da 5,000.

"Yaya, duba nan," in ji shi, ya matso mini da wayar. A ƙasan takardar akwai jadawali na biyu, inda ake rubuta farashin alkawarin da ranar da zai tashi. Wannan ranar ita ce haƙoran saniya. Wanda ya karɓi haƙƙinsa ana saura wata uku ya tashi, lokaci ne ya kore shi. Amma wanda ke da sauran shekara shida, ya karɓa yau, ya sayar da duka a rana ɗaya, ya yar da abu mai daraja da hannunsa: damar zama ya jira farashi ya ƙara hawa ba tare da ya sa kuɗinsa cikin haɗari ba. Mutum ba ya yar da irin wannan sai da dalili. Dalilin na iya zama gini ko rabon gado, yana kuma iya zama tarin da ya ji da dare. Akwai na uku, wanda ya karɓa, ya biya kuɗin saye da haraji daga aljihunsa, bai sayar da ko ɗaya ba. Wannan a gefen masu saye yake rubuta shi.

Misalin da ya fi so shi ne na Elon Musk. Ranar 6 ga Nuwamba 2021 Musk ya tambayi mabiyansa a Twitter ko ya sayar da kashi 10 cikin 100 na jarinsa na Tesla. Mutum wajen miliyan uku da rabi suka kaɗa ƙuri'a, mafi yawa suka ce ya sayar, duniya ta ɗauki zancen. Wanda ya buɗe fom na 4 kuwa ya ga wani abu daban. Akwai haƙƙin saye fiye da miliyan 22 da aka ba shi tun 2012 a kan dalar Amurka 6.24 kowanne, zai tashi a Agustan 2022, farashin kasuwa kuma ya haura dala 1,000. A ƙasan takardar an rubuta cewa tsarin sayar da kason da zai biya harajin wannan an tsara shi tun 14 ga Satumba, mako bakwai kafin ƙuri'ar.

Wannan ƙaramin rubutu na ƙasan takarda shi ne wurin da ya fi daɗewa a kai, har yana ƙara girman allon da yatsu biyu. Tun shekarar 2000 dokar Amurka ta ba shugaba damar ya rubuta wa dillalinsa umarni tun da wuri, a ce kowane farkon wata a sayar masa da kaza, a lokacin da ba ya riƙe da wani sirri. In ranar ta zo a sayar, ko yana barci. Ana kiran wannan tsari 10b5-1. Ranar da aka sayar ba ta dame shi ba kamar ranar da aka sa hannu a tsarin, domin ita ce ranar da zuciyar mutum ta yanke shawara. Sai ya koma ya tambaya: a wannan ranar, me shugaban ya sani? Shugaban Silicon Valley Bank, Greg Becker, ya sa hannu a nasa ranar 26 ga Janairu 2023. Ranar 27 ga Fabrairu ya karɓi haƙƙin saye ya sayar da abin da ya kai dala miliyan 3.6. Ranar 10 ga Maris hukuma ta rufe bankin. Takardar ba ta tabbatar da laifi a kan kowa ba, amma tazarar wata ɗaya tsakanin sa hannu da sayarwa abu ne da jan biro ke zagayewa. A ranar 27 ga Fabrairun nan dai sabuwar ƙa'idar SEC ta fara aiki, wadda ta ce darakta ko babban jami'i sai ya jira aƙalla kwana 90 bayan sa hannu kafin a sayar masa da ko ɗaya.

Daga nan sai tambayar Kawu. Gurbi na biyar a fom ɗin yana nuna abin da ya rage a hannun mutum bayan cinikin. Taubashina yana raba abin da aka sayar da jimillar da ake da ita kafin a sayar, ya rubuta kason a gefe. A Oktoban 2023 shugaban bankin JPMorgan, Jamie Dimon, ya sanar zai sayar da hannun jari miliyan 1 a shekara mai zuwa. Kuɗi ne mai yawan gaske, amma daga cikin miliyan 8.6 ne, wato bijimi ɗaya daga garken tara. Shugaban Intel kuwa, Brian Krzanich, a ƙarshen Nuwamba 2017 ya sayar har sai da ya rage 250,000 cif, daidai mafi ƙarancin abin da ƙa'idar kamfanin ta wajabta masa riƙewa. Tun watan Yunin shekarar aka sanar da kamfanin wata ɓaraka a ƙwaƙwalwar kwamfutocin da yake ƙerawa, jama'a ba su ji ba sai Janairun 2018. Intel ta ce cinikin ba shi da alaƙa da wannan. Mai karatun takarda ba alƙali ba ne, abin da ya gani kawai yake rubutawa: wannan ya sayar da duk abin da aka yarje masa ya sayar. Gurbi na shida da na bakwai kuma suna nuna ko jarin da sunan mutum yake, ko da sunan matarsa, ko wani kamfaninsa, kamar yadda makiyayi ke da shanu a hannun ƙanensa a wata rugar. Sai an tattaro su duka lissafi ke fita.

A ƙofar gidan da ke kallon namu akwai fada, samari na dafa shayi. Daren na biyu ɗaya daga cikinsu ya ɗaga waya ya karanta wa sauran wani saƙo da aka turo a WhatsApp, wai wani babban attajiri ya sayar da jarinsa, kamfanin ya kusa mutuwa. Kafin shayi na biyu ya sauka sun gama shari'ar, sun koma zancen ƙwallo. A daidai lokacin taubashina ya kusa minti arba'in a kan takarda mai shafi ɗaya, yana juya littafinsa baya yana neman abin da mutumin ya yi bara da bara waccan.

Wannan juya shafin shi ne ƙashin bayan aikin, kuma masana sun auna shi. A 2012 Lauren Cohen, Christopher Malloy da Lukasz Pomorski suka raba masu cinikin cikin gida kashi biyu. Duk wanda ya yi ciniki a wata ɗaya na shekara, shekara uku a jere, suka sa shi cikin ƴan al'ada, irin mai kawo bijimi da kaka. Fiye da rabin cinikin duka na irin waɗannan ne, kuma bin sawunsu bai nuna komai game da inda farashi zai nufa ba. Sauran, masu fitowa ba zato, bin nasu sawun ya ba da ribar da ta ɗara ta kasuwa da kusan kashi 0.8 cikin 100 a wata. Ba za ka san wanda ya saɓa al'adarsa ba sai ka san al'adar, ita kuwa ba a sanin ta sai da shekaru da littafi. Haka nan yana duba ko mutum ɗaya ne ko ayari. Shugaba shi kaɗai yana iya aurar da ɗiya. Amma in shugaba, da ma'ajin kamfani, da mai kula da ciniki duk suka sayar cikin mako biyu, babu mai tsari a cikinsu, wannan karsana ce daga rijiya ɗaya. Ma'aji ya fi ba shi muhimmanci a kan kowa, domin shi ke ganin lissafi kafin a yi masa ado.

Saye ya fi sayarwa magana, don buƙatun da ke sa mutum ya sayar ba su ƙirguwa, amma ba mai zuba kuɗinsa inda yake jin za su ƙone. Ranar 11 ga Fabrairu 2016, farashin bankuna na ta faɗuwa, Dimon ɗin nan ya sayi hannun jari 500,000 na bankinsa a kan sama da dala miliyan 26, kwatankwacin ladansa na shekara guda. Irin wannan ake nema: kuɗi mai zafi, a lokacin da kowa ke gudu. Duk da haka sayen ma sai an buɗe masa baki. Akwai daraktan da ke sayen ɗan abin da bai kai albashinsa na mako ba don a gani a ce yana da yaƙini, wanda bai da nisa da najashi, taya kaya ba don a saya ba sai don a ja wasu. Akwai kuma sayen kare kujera. A Afrilun 2023 Femi Otedola ya sayi fiye da kashi 5 cikin 100 na Transcorp a kasuwar Legas. Cikin ƴan kwanaki shugaban kamfanin, Tony Elumelu, ya ɗaga nasa kason ya haura kashi 25 ta hanyar kamfaninsa HH Capital, Otedola kuma ya sayar ya fita. Wannan sayen yana faɗin wa zai riƙe sanda, bai ce komai a kan ribar baɗi ba.

A kasuwanninmu ma karatun yakan canza, domin sau da yawa makiyayin shi ne mai garken kusan duka. Aliko Dangote, ta hanyar Dangote Industries, yana riƙe da fiye da kashi 85 cikin 100 na Dangote Cement. Haka Abdul Samad Rabiu ke riƙe da mafi rinjayen BUA Cement, wanda masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato ke ƙarƙashinsa tun haɗewar da ta kai shi kasuwa a Janairun 2020. Mai irin wannan kaso in ya saki kaɗan, sau da yawa don a samu abin da zai riƙa yawo a kasuwa ne. A irin waɗannan kamfanoni taubashina ya fi sa ido a kan ƙananan daraktoci, waɗanda miliyan ashirin ke yi wa nauyi.

Bayan duk wannan bai taɓa ce mini ga abin da za a saya ba. Layin da jan biro ya zagaye yana aika shi ne ya buɗe rahoton kuɗin kamfanin, ya duba bashi, ya duba kayan da suka taru a sito ba a sayar ba, ya duba masu bashin da ba su biya ba.

Daren na uku Kawu ya jawo buzunsa ya zauna kusa da mu, carbi a hannu, yana saurare bai ce uffan ba. Can ya yi gyaran murya.

"Wai a takardar nan, mutum da kansa yake rubuta abin da ya rage masa?"

"Da kansa, Baba. In ya yi ƙarya hukuma ta kama shi."

Kawu ya jinjina kai. "To ku an share muku hanya. Ni sai na shekara goma ina shan nono a rugar mutum kafin in san yawan shanunsa, kuma ko a lokacin ba daga bakinsa zan ji ba."

Ya miƙa hannu aka ba shi littafin. Bai iya boko ba, amma ya bi layukan da yatsa har ya tsaya a kan wani da'irar ja, ya tambayi ko wannan mutumin ya saba sayarwa. Ɗan ya juya shafi uku baya, ya ce shekara huɗu ke nan bai taɓa ba. Kawu ya ce a duba maƙwabtansa na rijiya. Aka duba, biyu sun sayar a makon. Taubashina ya karɓi littafin, ya rubuta wata rana a gurbin ƙarshe, ranar da kamfanin zai fitar da lissafinsa na wata uku, ya bar gabanta fili. Sannan ya cire wayar daga batir, muka shiga kwana, don gobe Lahadi ce kuma Kawu na da raguna shida da suka yi kwantan layya.